In na ce "nufinka za a bi," na daina roƙon warkarwa ke nan?

Maman Tabita:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da ya daɗe yana hana ni barci. Maigidana yana fama da ciwon ƙoda, har an kai ga yi masa wankin ƙoda. Mutum biyu da nake ganin girmansu sun ba ni shawara, amma shawarwarin sun yi hannun riga. Wata uwa ta ce in daina wahalar da kaina da azumi da roƙon warkarwa, in miƙa wuya kawai, abin da Allah ya shirya shi zai faru. Wani ɗan'uwa kuma ya ji ina addu'a na ce, "Ubangiji, in nufinka ne ka warkar da shi," sai ya tsawata mini, wai wannan shakka ce, mai shakka kuwa ba ya samun kome. Yanzu in na durƙusa bakina nauyi yake yi. In na roƙa, sai in ji kamar ina jayayya da Allah. In na ce nufinsa za a bi, sai in ji kamar na sallama mijina tun yana numfashi. Don Allah ku taimake ni, yaya mai bi yake miƙa wuya?

Saratu:
Sannu da jinya, Mama. Ubangiji ya riƙe ki, ya ba Baba sauƙi.

Ishaku:
Mama, sannu. Ni dai ina tare da ɗan'uwan nan. Markus 11:24 a fili take: abin da kuka roƙa, ku gaskata kun samu. Ishaya 53:5 ta ce da raunukansa muka warke. Yakubu 5:15 ta ce addu'ar bangaskiya za ta ceci marar lafiya. Matar nan da ta yi shekara 12 tana zubar jini ba ta tsaya tana tambaya ko nufin Allah ne ba, ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa. Ki tsaya a kan alkawari, kada ki ba Shaiɗan ƙofa.

Malam Iliya:
Ishaku ƙanena, himmarka tana da kyau, amma ka buɗe Markus ɗin nan tun daga sura ta 1, aya 40. Kuturu ya durƙusa ya ce wa Yesu, in ka yarda, kana iya tsarkake ni. Yesu bai tsawata masa ba. Ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya ce ya yarda. Mutumin bai yi shakkar ikon Ubangiji ko kaɗan ba, abin da ya bar masa shi ne hukunci.

Mama, ina so ki je Getsamani ki daɗe a wurin. Ki karanta Matiyu 26, Markus 14 da Luka 22 a jere. Daren nan Yesu ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya ransa yana shan wahala har kamar ya mutu. Ya ɗan yi gaba, ya faɗi rubda ciki. Ki lura da abin da ya fara fitowa daga bakinsa: roƙo ne. Ya ce wa Uba kome mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke mini ƙoƙon nan. Bai ɓoye abin da yake so ba, bai yi kamar ba ya jin nauyin gicciye ba. Bayan ya zube roƙon gaba ɗaya, sannan ya ce ba nufina ba, naka za a bi. Matiyu ya ce har sau uku ya koma yana maimaita maganar. Luka kuma, wanda likita ne, ya ce guminsa ya zama kamar gudajin jini yana ɗiga ƙasa, har mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi.

To, wa zai ce Ɗan Allah ya rasa bangaskiya don ya ce nufin Uba za a bi? Wa kuma zai ce ya yi tawaye don ya roƙi a ɗauke ƙoƙon? Mutanen nan biyu da suka ba ki shawara, kowa ya ɗauki rabin addu'ar Yesu ya bar rabi. Ke ki ɗauka duka. Ki roƙa da dukan ƙarfinki, ki faɗi sunan cutar, ki faɗi abin da kike so, sa'an nan ki danƙa ƙarshen al'amarin a hannun Uba.

Rifkatu:
Amin, Malam. Wannan ta shige ni.

Baba Dattijo:
'Yata Maman Tabita, ina gaishe ki da ɗawainiya. Bari in ƙara a kan ta Malam, don ni uwar da ta ce ki daina roƙo ita ta fi ba ni tsoro. Maganarta tana da kamar tsoron Allah, shi ya sa take saurin shiga zuciya.

Mutum biyu nake so ki ajiye kusa da juna, Eli da Dawuda. A 1 Sama'ila 3, yaro Sama'ila ya gaya wa Eli hukuncin da yake zuwa kan gidansa saboda muguntar 'ya'yansa, Hofni da Finehas. Me Eli ya ce? Shi ne Ubangiji, bari ya yi abin da ya ga ya yi masa kyau. In ka ji maganar ita kaɗai, sai ka ce wannan bawan Allah ne mai dangana. Amma laifin da Allah ya kama shi da shi a aya 13 shi ne ya san abin da yaran suke yi, bai hana su ba. Ya yi musu magana da baki, bai cire su daga aikin firist ba. Bayan gargaɗin ma ba mu ji ya yage tufa ko ya yi azumi ko ya kori kowa ba. Yana nan zaune a kujerarsa har ranar da labari ya zo an kashe 'ya'yansa an ƙwace akwatin alkawari, ya faɗi da baya, wuyansa ya karye, yana da shekara 98.

Dawuda fa? A 2 Sama'ila 12, annabi Natan ya riga ya gaya masa yaron zai mutu. Duk da haka ya kwanta a ƙasa yana azumi yana roƙo, dattawan gidansa suka yi suka yi ya tashi, ya ƙi. A rana ta bakwai yaron ya rasu. Fādawa suna ta raɗe-raɗe, suna tsoron faɗa masa. Da ya gane, sai ya tashi, ya yi wanka, ya shafa mai, ya sāke tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada. Da suka tambaye shi, ya ce sa'ad da yaron yake da rai na ce, wa ya sani ko Ubangiji zai yi mini jinƙai? Yanzu ni zan tafi wurinsa, shi ba zai komo wurina ba.

A nawa ganin, Dawuda ne ya miƙa wuya. Eli naɗe hannu ya yi. Mijinki yana da rai, 'yata, saboda haka kina lokacin "wa ya sani" tukuna. Ki tuna da Hezekiya ma: Ishaya ya ce masa ya kintsa gidansa zai mutu, ya juya fuskarsa bango ya yi kuka mai zafi, Allah ya ƙara masa shekara 15. A 2 Sarakuna 20:7 kuma annabin da ya kawo albishir shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun.

Saratu:
Baba, na gode da ka kawo maganar ɓauren nan, don ita ce damuwata. Aikin jinya nake yi, kuma ɓangarorin nan biyu duk ina ganin ɓarnarsu a gado ɗaya. Wani ya daina shan magani don an gaya masa ya riga ya warke, shan magani rashin bangaskiya ne. Wani kuma ya daina zuwa don ya ce in kwana ya ƙare ya ƙare. Bakinsu daban, amma dukansu a ranga-ranga ake dawo mana da su. Mai ciwon ƙoda in ya tsallake wanki, ruwa yana taruwa a jiki, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, gishirin jini ya hau har ya taɓa bugun zuciya. Mama, kada ku tsallake ko sau ɗaya saboda maganar wani, kuma ku bi ƙa'idar ruwan da likita ya ce ya sha.

Akwai wani dattijo da na taɓa jinya. Duk lokacin da za mu sa masa allurar injin, sai ya ce mu dakata. Ya ɗora ɗayan hannunsa a kan wanda za a soka, ya rufe ido, ya ce, "Uba, ina so in warke, ka kuwa sani. Amma ni naka ne." Sai ya buɗe ido ya ce mu ci gaba. Bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa fasa roƙon ba.

Ishaku:
Na ji ku, kuma ban ce a bar magani ba. Amma ku amsa mini wannan. In a ƙarshe abin da Allah ya nufa shi zai yi, mene ne amfanin addu'ata? Kuma wannan "in nufinka ne" ta zama mafakar malalata. Mutum ya yi addu'ar minti biyu, ya rufe da ita, ya je ya kwanta.

Malam Iliya:
Wannan ta ƙarshen gaskiyarka ce, Ishaku. Akwai masu faɗinta don su huta da naci. Yesu da kansa ya ba da misalin gwauruwar nan da alƙali marar tsoron Allah a Luka 18, don mu riƙa addu'a kullum kada mu karai. Ibrahim ma ya tsaya yana roƙo saboda Saduma, tun daga mutum 50 har ya sauko zuwa 10. Amma ka dubi Bulus. Allah ya yi mu'ujizai ta hannunsa har ana ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke. Shi ɗin kuwa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korantiyawa 12:9 ita ce alherina ya ishe ka. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ya ce wa Timoti ya riƙa kula da cikinsa saboda yawan laulayinsa. Bulus ne marar bangaskiya?

Amfanin addu'a kuwa, Allahn da ya nufi a ƙara wa Hezekiya shekaru shi ne ya nufi ƙarin ya zo ta hanyar hawayensa. Ya ce, na ji addu'arka, na ga hawayenka. Yakubu 4:2 ma ta ce ba ku samu ba don ba ku roƙa ba.

Yohanna (ɗalibin tauhidi):
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba abu biyu: abubuwan da suke asirce na Ubangiji ne, waɗanda aka bayyana namu ne da 'ya'yanmu, domin mu aikata. Ko mijin Mama zai warke, wannan yana cikin na farko, ba wanda ya sani a cikinmu, kuma duk wanda ya rantse wa Mama ya sani yana ɗora mata kayan da Allah bai ɗora ba. Amma nufin Allah da aka bayyana yana da yawa: ta yi addu'a ba fasawa, ta ƙaunaci mijinta, ta kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, mu kuma mu ɗauki nauyin juna. Yawancin miƙa wuya a nan yake, a abin da muka riga muka sani.

Maganar Getsamani kuwa ikkilisiya ta sha wuya a kanta. A ƙarni na 7 wasu sun koyar cewa Almasihu nufi ɗaya tak gare shi, na Allahntaka. Wani bawan Allah mai suna Maksimus ya ƙi, ya ce in haka ne, wane ne ya ce "ba nufina ba"? Sarki ya sa aka yanke masa harshe da hannun dama, ya rasu a gudun hijira a 662. Daga baya majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kustantiniya a 680 zuwa 681 ta tabbatar da abin da ya tsaya a kai: Yesu yana da nufi na mutum na gaske, wanda ya bi nufin Allahntaka da yardar rai. Abin da wannan yake nufi ga Mama shi ne, son da take yi mijinta ya rayu ba zunubi ba ne da za ta kashe kafin Allah ya karɓe ta. Ubangijinmu ma ya so a ɗauke ƙoƙon.

Rifkatu:
Yohanna, an yanke wa mutum harshe a kan wannan? Ikon Allah. Mu kuwa muna karanta ayar muna wucewa.

Yohanna (ɗalibin tauhidi):
Haka ne, Anti. Ga wani kuma da yake ƙarfafa ni. Monika, mahaifiyar Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, ta yi shekaru tana kuka don ɗanta ya tuba. A 383 ya shirya barin Kartej zuwa Roma, ta bi shi har bakin teku tana roƙon Allah kada ya tafi. Ya ruɗe ta, jirgi ya tashi da dare ya bar ta tana addu'a. A idonta Allah ya ƙi ta. Amma tafiyar ce ta kai shi Milan, inda ya ji wa'azin Ambros, bishop na garin, aka yi masa baftisma a 387, ta kuwa gani da idonta kafin ta rasu a shekarar. Ba na cewa kowane "a'a" sai mun ga dalilinsa a duniya. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka tsere wa kaifin takobi da waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya.

Maman Tabita:
Na karanta duka, ina hawaye. Allah ya sāka muku. Amma akwai abin da ban faɗa ba. Wani dare da jikinsa ya rikice, na ce wa Allah, "Me muka yi maka? Ina kake?" Tun ranar nake jin kunyar durƙusawa. Wanda ya miƙa wuya zai yi wa Allah irin wannan magana?

Baba Dattijo:
'Yata, wa kika yi wa maganar? Allah kika yi wa. Ba ki juya masa baya kin tafi neman taimako inda bai halatta ba, gabansa kika kai kukanki. Mutane suna son Ayuba na sura ta 1, mai cewa Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Ba sa son na sura ta 3 da ya la'anci ranar haihuwarsa, ko wanda ya yi ta neman Allah ya fito su yi shari'a. Mutum ɗaya ne. A ƙarshe, a 42:7, Elifaz da abokansa biyu ne Allah ya yi fushi da su, masu tsararriyar magana, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa kamar bawansa Ayuba ba. Ki buɗe Zabura 13, "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu. Ki buɗe ta 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba ko kalmar ta'aziyya. Allah ne ya sa aka ajiye mana su a Littafinsa. Yesu a kan gicciye da Zabura 22 ya yi kuka. Ki durƙusa daren nan, kunyar nan ba daga wurin Ubanki take ba.

'Yar'uwa (an sakaya suna):
Ku gafarce ni, zan ɗan kauce. Ni mijina dūkana yake yi. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, gicciyena ne, nufin Allah ne in ɗauka. Watan jiya sai da na kasa buɗe ido ɗaya. Wannan ma miƙa wuya ne?

Saratu:
'Yar'uwa, a'a. Ki je a duba idon nan, kuma ki sami inda za ki kwana lafiya ke da yara in akwai.

Malam Iliya:
A'a, 'yar'uwata, kuma raina ya ɓaci da waɗanda suka gaya miki haka. Nufin Allah a kan wannan a rubuce yake, ba a asirce ba. Afisawa 5:25 ta ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya ya ba da kansa dominta. Kolosiyawa 3:19 ta hana su tsananta musu. 1 Bitrus 3:7 ta ce mijin da bai girmama matarsa ba, addu'arsa tana iya toshewa. Mai dūkanki shi ne yake tawaye ga nufin Allah, shi ya kamata a kira a ce ya miƙa wuya.

Dawuda da Saul ya wurga masa māshi, kaucewa ya yi, daga baya Mikal ta zurara shi ta taga ya gudu da dare. An zurara Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu. Da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a bulale Baroma ba tare da shari'a ba, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare ya gudu Masar. Yesu kansa da dogari ya mare shi, ya ce in na faɗi daidai, don me ka mare ni? Ba ɗayansu da ya saɓa wa Allah don ya tsere ko ya nemi doka ta kāre shi.

Ishaku:
A wannan kam ba mu da saɓani, Malam. Anti, ki fita daga inda ake dūkanki. Maganar farko kuwa, na karɓi ta kuturun nan da ta Bulus, amma har yanzu Markus 11:24 tana nan, ba ku warware mini ita ba.

Malam Iliya:
Ba zan goge ta ba, Ishaku, tana nan daram. Amma wanda ya faɗe ta shi ne ya yi addu'ar Getsamani bayan 'yan kwanaki, kuma Yahaya da ya ji duka biyun shi ya rubuta a 1 Yahaya 5:14 cewa in mun roƙi kome bisa ga nufinsa yana jinmu. Ka karanta Ayyukan Manzanni 12 yau da dare. Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, ikkilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya kwance sarƙoƙin. Sura ɗaya, manzanni biyu, ikkilisiya ɗaya. Da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa ma, masu addu'ar ce wa Roda suka yi ta haukace. Ka gaya mini gobe ko ƙarfin bangaskiyarsu ne ya buɗe kurkukun.

Baba Dattijo:
'Yata da aka sakaya sunanki, ki yi wa Saratu ko ni magana ta sirri yanzu, kada ki bari sai gobe. Ki gaya mana ko akwai wani naki da za ki iya zuwa wurinsa a daren nan, da kuma wani dattijo mai riƙon amana a ikkilisiyarku da za mu iya kira tare da ke.